A Hawa Ni Ce a Gaba

Muna idar da sallar asuba muka fito, fitilun titin Garrafa ba su mutu ba tukuna, iska kuma da ɗan sanyi-sanyi irin na farkon shekara a Doha. Mu uku ne a motar: ni, da 'yata, da mijinta. Ba zan kira sunan kowa ba. Ita 'yar fari ce, shi kuwa suruki, kun san yadda abin yake. Ita ce ma take rubuta muku wannan, ni ina faɗa, don hannuna bai taɓa sanin alƙalami ba. Duk inda kuka ga an yabe ta da yawa, to ita ta ƙara.

Ku matan unguwarmu na Serti da kuke ta aiko da murya a waya kuna tambaya ko ina ɗan fita, yau zan gaya muku gaskiya. Kafin wannan tafiyar ban fita ba. Tun da Malam ya rasu, Allah ya haskaka kabarinsa, na gama takaba, yarinyar nan ta ɗauko ni ta kawo ni nan inda take karatu, don a cire mini yanar ido. An yi ido ɗaya, saura ɗaya. Daga mota zuwa ɗakin likita, daga ɗakin likita zuwa mota, iyakar Doha da na sani ke nan. Sauran lokacin ina bakin taga ina kuka. Ba na ɓoye shi, kuma ba na jin kunyarsa.

Ba ciwon ƙafa ya zaunar da ni ba. Ƙafata lafiya lau. Abin da yake shi ne, tun ina amarya a bayan Malam nake tafiya. Kasuwa, gidan biki, gaisuwar mutuwa, asibiti, shi yana gaba ni ina baya, idona a kan diddigensa. Na san kaushin diddigen nan kamar yadda na san tafin hannuna. Na san yadda ƙafarsa ta hagu take ɗan buɗewa waje in ya taka. To yanzu in na fito bakin ƙofa na dubi ƙasa, sai in ga babu komai a gabana, fili kawai. Sai ƙafar ta tsaya da kanta, ta ƙi.

Sai in gaya muku abin da ya fitar da mu ranar.

Su biyun nan mutanen tafiya ne. Kowace safiya suna gudu a bakin teku, ba wanda ya koro su. Sun daɗe suna shirin su je gida a hutunsu, su shiga gandun dajin Gashaka da ƙafa, su hau har tudun nan da Fulani suke kira Cabbal Hendu, wato tudun iska. Can ne ni da Malam muke kai kanwa da gishiri a ƙuruciyarmu. Ya sha yi wa yarinyar nan alkawari tun tana ƙarama cewa zai kai ta ta gani, Allah bai nufa ba. Falon gidan ya cika da kayan shiri: jakunkunan goyo, da tanti, da fitilar da ake ɗaurawa a goshi, da wasu takalma masu nauyin turmi waɗanda da na ji kuɗinsu sai da na yi salati. Akwai sanduna na ƙarfe masu naɗewa, kowa bibbiyu, in sun riƙe sai ka ce dabba mai ƙafa huɗu. Akwai abinci busasshe a leda, wai a zuba masa ruwan zafi ya zama shinkafa. Sun yi waya da wani mai nuna hanya a Serti, ya ce su zo kafin ruwa ya sauka, don in rafuka suka cika babu mai ƙetarewa. Da yamma sukan cika jaka da robobin ruwa su goya, su hau benen gidanmu da ƙafa su sauko, lif yana tsaye yana kallonsu.

Ni likita ya ce kada in yi nisa sai an gama ɗaya idon. Ke nan in za su tafi, a nan za su bar ni.

Wata rana bayan la'asar na ji su a kicin. Sun ɗauka barci nake.

Ta ce, "Ba zan iya barin ta ba. Kai ma kana ganin yadda take. Mu bari sai wata shekara."

Ya ce, "Bara ma haka muka ce, lokacin jinyar Baba. Kuma a wurin aiki sun ce satin nan in faɗa musu ko ina ɗaukar hutun ko ba na ɗauka."

Ta ce, "To ka ce musu ba ka ɗauka. Khalas."

Kalmar Larabawan nan ce, in an faɗe ta magana ta ƙare. Na juya fuskata bango. Ga mijina a ƙasa, ga ni kuma na zama dutse a ƙafar 'yata. Na so in tashi in ce ku tafi, amma da wane baki? Wadda ba ta iya sauka ƙofar gida ba, wa zai yarda ya bar ta?

Da ma sun sa ranar da za su je yamma da gari su gwada takalman a kan duwatsu. Shi ne ya ce ko ba za a yi babbar tafiyar ba, a yi ƙaramar, Inna ta sha iska. Na yarda don kada in hana su wannan ɗin ma. Na ɗauki sandar Malam, ta gorar nan mai ƙarfe a gindi da kuka sani, wadda na zo da ita a ƙasan akwati. Ban ɗauke ta don tafiya ba. Hannuna ne ya saba da ita.

Muna fitowa maƙwabciyarmu ta tare mu a bakin lif da kula a hannu. Mutuniyar Gana ce, 'yar Zangon Kumasi, mijinta direba ne. Hausarta ba ta raba mace da namiji. Ta ce mini, "Inna, yau ka fita! Ka ci wannan a hanya, ka dawo ka ba ni labari." Shinkafa da wake ce irin tasu, da baƙin yajin nan da suke kira shito. Matar nan kusan kullum sai ta hawo ta ce in sauko wurinta, bene biyu kawai tsakaninmu, ban taɓa zuwa ba.

Kafin mu bar gari muka tsaya wani ɗan shago. A nan ba a sauka, odar mota ake dannawa, sai mai shagon ya fito da gudu. Shayi ne mai kauri da madara da kayan ƙamshi, suna ce masa karak, ƙaramin kofi riyal ɗaya. Da wata waina shimfiɗaɗɗiya ta Indiyawa da aka naɗe ƙwai a ciki. Na kurɓa, zafinsa ya sauka har ƙirji. Na ce da 'yata, "Ki ce wa mijinki shayin ya yi, amma kofin na 'yar tsana ne." Surukina ya ce mata, "Ki ce wa Inna a ƙaro?" Ta ce, "Ni fa na gaji da zama tafinta a cikin mota ɗaya, kowa yana jin kowa." Haka muke da shi tun da ya aure ta. Ban taɓa duban idonsa na yi masa magana ba, shi ma haka.

Hanyar Dukhan, wadda ta yi yamma, shimfiɗe take kamar an goge ta da dutsen guga, faɗinta ya isa a kafa kasuwa. Babu rami, babu shingen kowa, babu mai talla. Gidaje suka yi ta raguwa har suka ƙare. A wani gari da ake kira Shahaniya muka ga raƙuma jere suna tafiya a gefen hanya, kowanne da bargo a baya, sun fi wasu mutanen sutura. Na tsere ne. Wai ba mutum ke hawansu ba, wani ɗan inji ake ɗaura musu a doro mai 'yar bulala, mai raƙumin kuwa yana cikin mota yana bi yana ihu. Na ce, da a ce Malam yana nan, da ya yi dariya har ya yi tari. Ina faɗa sai hawaye. Ba wanda ya ce in yi shiru, sun saba.

Daga nan sai fili. Allah bai ba ƙasar nan tudu ba, abin da ya ba ta a ƙarƙashi ya ajiye mata. Ƙasa fara-fara, ƙaya ɗaya nan ɗaya can, bututu yana bin hanya. Rana ta fito a bayanmu. Can nesa gaban mota gajimare ya kwanta a gindin sama, shuɗi-shuɗi, da tsini-tsini a sama. Ido ɗaya sabo, ido ɗaya tsoho, sai suka haɗa baki suka yaudare ni. Na ga duwatsunmu. Na ga Cabbal Hendu da ciyawarsa mai kwanciya in iska ta bi ta kanta, da jajayen shanu tsaye a cikin gajimare, ƙafafunsu ba a gani, sai ƙahoni suna yawo. Na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin ruga. Na ji sanyin ruwan rafin nan da in ka sha haƙoranka sai sun yi ƙara. Ban sani ba ko barci na yi ko ido biyu. Mota tana tafiya, duwatsun suna ja da baya, ba mu kai su ba har suka narke.

Muka sauka daga kwalta kusa da wani ƙauye da ake kira Zikrit, mota ta shiga girgiza. A nan ne duwatsun nasu suke. Ku yi haƙuri, a wurinmu ba za a kira su duwatsu ba, 'ya'yan duwatsu ne. Amma suna da kyau irin nasu. Farare ne tas, iska ta cinye musu gindi ta bar kai, sai suka tsaya kamar rumbunan da masu su suka tashi suka bari. Bayansu teku ne kwance, shiru, launin shuni da aka sirka. Mun ga barewa biyu, suka tsaya suka dube mu, suka wuce ba gaggawa. Babu ƙarar komai sai iska.

Aka shimfiɗa mini darduma a inuwar ɗaya daga cikin rumbunan. Suka ɗaura takalma, suka goya jaka, suka warware sanduna. Sai na ga yarinyar nan ta dube ni, ta sauke jakarta, ta zauna a gefena.

Ta ce masa, "Je ka kai, ni zan zauna da Inna."

Na ce, "Ke, tashi ki bi mijinki. Barewa ce za ta cinye ni?"

"Inna, ke kaɗai fa."

"Ina ganinku daga nan. Tashi."

Ta tashi ba da son ranta ba. Suka nufi wani tudu mai ɗan tsawo. Ina zaune da sandar Malam a cinya ina kallonsu da sabon idona.

Da suka fara hawa sai na ga abin da bai yi mini ba. Ita ce a gaba, kuma ƙafarta da sauri, ga haushi a cikinta. Shi jakarsa ta fi nauyi, har da tantin a sama. Tana hawa ba ta waiwaye, tazara tana buɗewa. Ya tsaya ya gyara igiya, ita ta riga ta sha kwana. Iska ta kawo mini muryarsa yana kira, ta kawo tata tana cewa yalla, yalla, wato yi sauri. Suka zama ɗigo biyu a kan farin dutse, ɗaya can, ɗaya can. Na ce a raina, a nan tudun wasa ne. A Gashaka, in gajimare ya sauko tsakanin mutum biyu masu tazara haka, sai dai kowa ya kwana da sunan ɗan'uwansa a baki.

Ina faɗin haka sai wani abu ya buɗe a kaina, kamar an ɗaga labulen ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba.

Na tuna hawana na farko. Ina amarya, lallen ƙafata bai gama gogewa ba. Kanwa a kaina bisa gammo, Malam da nasa kayan a gaba, ni ina bin diddige kamar yadda aka koya mini. Hanya ta miƙe sama, siririya, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami. Shi ya saba, ni ban saba ba. Sai gajimare ya sauko. Diddigen ya yi fari, ya ɓace. Na tsaya cak da kaya a ka, ba gaba ba baya. Kunya ta hana ni kiransa, da wane suna ma zan kira shi? Na tsaya ina kuka a cikin farin abin nan, ba sama ba ƙasa.

Can sai na ji ƙarfen sanda yana bugun dutse, yana saukowa. Ya fito daga cikin gajimaren, gemunsa duk raɓa. Bai yi faɗa ba. Ya raɓa jikin dutse ya ba ni hanya, ya ce, "Shige gaba. In ina gaba mantawa nake ƙafarki ba tawa ba ce."

Na ce ban san hanya ba.

Ya ce, "Hanya ɗaya ce, sama take zuwa. Kada dai ki waiwaya da kaya a ka, za ki faɗi. Ina nan."

Na shige gaba. Gabana babu kowa, sai fari. Duk inda hanya ta yi kwana, ko na ɗan yi jim, sai in ji gyaran murya a bayana. Ehem. Shi ke nan maganar. Ba ya kiran sunana, ba na waiwaye. Daga ranar haka muka riƙa yi duk shekarun da muka yi muna kai kanwa: a hawa ni ce a gaba, a gangara shi ne a gaba, don in santsi ya kwashe ni in faɗa a bayansa. Da babura suka fara kai kaya, Malam ya kama rumfa a kasuwar Serti, muka daina hawa. Sauran rayuwarmu duk a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa muka yi ta, shi gaba ni baya. Shekaru suka taru suka binne wancan. Wallahi na manta. Na manta akwai tafiyar da nake yi ba diddige a gabana, kuma ban taɓa jin tsoro a cikinta ba.

Suka dawo, ita ta riga shi isowa, kowa fuska a ɗaure. Ta zauna tana kwance igiyar takalmi. Ni kuwa na dafa sanda na miƙe.

"Inna, ina za ki? In ruwa ne ga shi nan."

Na nuna wani ɗan tudu kusa da mu, mai kwantaccen gefe, irin wanda akuya ba za ta kula da shi ba. Na ce, "Can za ni. Ku biyo ni. Amma kada wanda ya wuce ni, kada wanda ya riƙe ni."

Ta buɗe baki, na ga shi ya ɗaga mata hannu.

Taku na farko shi ne mai wuya. Na dubi ƙasa, fili, babu komai. Ƙafar ta so ta yi abin da ta saba. Na ce mata hawa ne, ba kasuwa za mu ba. Na buga ƙarfen sandar a dutse, ya yi ƙarar nan tasa, ƙafar ta ɗaga.

Ban san yadda zan gaya muku hawan nan ba. Dutsen fari ne, rana ta hau kansa, haske ya cika mini sabon ido har gefen duniya ya ɓace. Ya zama kamar gajimaren wancan lokaci. Ina tafiya a cikin fari, numfashina yana fita da ƙara, gwiwoyina suna magana. Na ji nauyin kanwa a kaina alhali ɗankwali ne kawai. Na ji raɓa a fuska alhali hawaye ne. Iska ta taso daga teku ta bi ta kunnena, na rantse da ƙarar ƙararrawar shanu a cikinta. Ni tsohuwa ce a ƙasar Larabawa, ni kuma yarinya ce da lalle a ƙafa, duka biyun suna hawa da sanda ɗaya.

Kusa da ƙarshe hanyar ta ɗan karkata, tsakuwa ta yi yawa. Na yi jim.

Sai na ji a bayana: ehem.

Na san ko wane ne. Surukina ne, ya ga tsakuwar, kunya ta hana shi kirana, ya rasa abin yi sai gyaran murya. Hankalina bai gushe ba, na san wanda ya tafi ya tafi, yana inda Allah ya ajiye shi. Amma ban waiwaya ba. Na bar muryar nan a bayana yadda take. Na taka tsakuwar a hankali, na haye.

A sama na zauna a kan dutse na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da Malam. Ba irin na bakin taga ba ne, mai tsiyaya ba ya ƙarewa. Wannan ya zo gaba ɗaya kamar ruwan farko, ya wuce. 'Yata ta durƙusa ta riƙe ƙafata tana nata. Shi ya juya mana baya yana kallon teku, yana ta gyara hular da ba ta karkace ba. Da na share ido na ga tekun ya kewaye mu ta gefe biyu, motarmu can ƙasa kamar ƙwaro, bareyin nan kuma sun dawo.

Na ba su labarin hawana na farko, kamar yadda na ba ku. Na ce, "Abin da na gani ɗazu ba tafiyar mutum biyu ba ce. A hawa, wanda ƙafarsa ta fi nauyi shi ake sawa a gaba, na baya ya bi takunsa. A gangara mai ƙarfi ya wuce."

Ta dube shi, hawaye a fuska, dariya na zuwa. Ta ce, "Ka ji ko? Inna ta ce kai ne mai nauyin ƙafa."

Ya ce, "Ki ce wa Inna jakar ce. Wa ya ɗora mini tanti da tukunya?"

"Tukunyar da ka ce ba ka iya cin abincin leda?"

Na bar su suka yi. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ɗaga kai na dubi surukina ido cikin ido, ba tafinta. Na ce, "Kai. Gobe ka je ka ce musu kana ɗaukar hutun."

Ya durƙusa a kan dutsen nan da jakarsa a baya, ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, Inna."

Ita ta ce, "Inna, wa zai..."

Na ce, "Khalas." Ashe na iya faɗinta.

Da za mu sauko na sa ta a gaba, na dafa kafaɗarta. Na dubi ƙasa kamar yadda na saba. Ga takalmin nan mai nauyin turmi, amma duk da shi, in ta taka, ƙafarta ta hagu sai ta ɗan buɗe waje. Na haife ta, na goya ta, na aurar da ita, ban taɓa tafiya a bayanta ba sai ranar. Ban ce mata komai ba a lokacin. Yanzu da nake faɗa take ji, ga shi ta ajiye rubutun, sai na jira ta.

To. Mun ci shinkafar Gana a inuwar rumbun dutse, shiton nan ya sa surukina shan ruwan da ya goyo don gwaji. Muka yi azahar a nan, dardumar tana ɗagawa da iska. Suka sake hawa tudun farko ina kallo, wannan karon shi a gaba, ita a baya tana tsokanarsa da sanda. Ɗigo biyu ne har yanzu, amma inuwarsu ta haɗe.

A hanyar dawowa rana tana bayanmu kuma, ta rina filin ja. Raƙuman sun shige. Dogayen benayen Doha suka taso daga ƙasa can gaba, cikin ruwan toka, su ma kamar wasu duwatsun. Muka sake tsayawa wurin mai karak, wannan karon ni na ce a ƙaro, kuma da bakina na faɗa. Mun iso Garrafa ana kiran magariba. A lif na ce a danna hawan maƙwabciyarmu, na mayar mata da kularta da hannuna. Ta buɗe ƙofa ta gan ni, ta dafe ƙirji ta ce, "Inna, kai ne? Shigo, shigo, ka zauna!" An gama magana, wurinta zan riƙa yini in sun tafi, ita za ta raka ni wurin likita.

Yanzu haka jakunkunan suna bakin ƙofa a ɗaure. Na ce su gaishe ku in sun iso Serti, ku ba su fura ta kirki, ku hana su abincin leda ko na kwana ɗaya ne. Ɗazu yarinyar nan ta ce in ba ta sandar Baba ta hau da ita. Na hana. Suna da nasu har huɗu. Ni ma ina da tafiya a nan.

Abin da na samo a tafiyar nan ba mai yawa ba ne, ga shi. Kukan Malam ban daina ba, kuma kada ku ce in daina. Amma duk watannin nan ina duban gabana ina cewa babu kowa, na ɗauka tafiya ta ƙare ke nan. Ashe hawa ne ya rage mini. A hawa kuwa da ma gabana babu kowa.

Da safe nakan ɗauki sandar in sauka bene biyun nan da ƙafa, in gaida mutuniyar Kumasi, in sha shayi. Saukar tana ba ni wuya, sai na dafa bango. In na tashi dawowa, ina taka matakala ɗaya bayan ɗaya, ƙarfen yana bugawa. A kwanar benen nakan ɗan tsaya in saurara.

Ba na waiwaye.